Ranar da Na Ce Ban San Baba Ba

Ina cikin shekarata ta biyu da fara wasan lokacin da Baba ya leƙo ya gan shi. Wasa ne na intanet, kowa da kumbonsa a sararin samaniya, mutane daga ƙasashe daban-daban duk a fili ɗaya, a lokaci ɗaya. Wasu haƙar ma'adinai suke yi a jikin duwatsun da ke yawo a can, wasu fatauci daga tasha zuwa tasha, wasu kuma ba su da sana'a sai tare hanya suna farfasa kumbon mutane. Ni ma'aikaci ne a wata hukuma ta tarayya, na haura arba'in, ina da mata da 'ya'ya mata biyu. A ofis ba wanda ya san ina wannan abin. Matata kaɗai ta sani, ita kuma ba ta hana ni ba, tunda dai ranar Asabar ne kawai, daga azahar zuwa magariba.

Gidan da muke haya a Gwarinpa gida ɗaya ne aka raba biyu. Tsakar gida ɗaya, get ɗaya, bango ɗaya tsakanin falonmu da na maƙwabta. Baba da matarsa ne a wancan ɓangaren. Mutanen Filato ne, Kiristoci, 'ya'yansu duk sun girma sun watse. Shi ya yi ritaya daga aikin safiyo, ya auna filaye a garin nan tun wasu unguwannin suna daji. Duk layin Baba ake ce masa, matarsa kuma Mama. Ni Malam yake ce min, ko da yake ya kusa haifata. Lokacin haihuwar 'yarmu ta biyu ina Kaduna wurin kwas, shi ya tuƙa matata zuwa asibiti, Mama tana riƙe da ita a bayan mota. Irin zaman da muke yi ke nan.

Wata Asabar aka ɗauke wuta, ɗaki ya yi zafi, na fito baranda da kwamfutata. Baba yana ba alayyafonsa ruwa, wanda ya shuka a tsofaffin bokitai a gindin katanga. Ya zo wucewa ta bayana sai ya tsaya. A lokacin na buɗe taswirar taurari, ɗigo-ɗigo masu haske da layuka sun haɗa su.

"Malam, wannan taswira ne?"

Na ce masa taswira ce. Hausar Baba irin ta mutanen Jos ce, ba ruwansa da bambanta mace da namiji, komai "ya" ne.

Ya ajiye butar ruwan, ya ciro tabarau daga aljihu. "Wa ya auna shi?"

Na yi dariya, na jawo masa kujera. Ranar bai koma kan alayyafonsa ba sai da Mama ta leƙo ta kira shi sau biyu. Na nuna masa kumbona, na nuna masa tashar da nake ajiye shi, na nuna masa ƙofofin da ake bi a tsallaka daga wannan tauraro zuwa wancan. Da na ce masa kowane ɗigo mai motsi mutum ne na gaske yana zaune a wani ɗaki a wani gari, sai ya cire tabarau ya kalle ni, ya mayar, ya sake kallon allon.

Bayan kwana uku ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da wata tsohuwar kwamfuta da 'yarsa ta bar masa. Ya ce in sa masa.

Makonni biyun farko na ji daɗinsu, ba zan ɓoye ba. In na dawo daga aiki zan tarar da shi a baranda da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya jera tambayoyi da lamba, da rubutunsa mai tsafta na mutumin da ya saba cike takardun fili. Wane kumbo ya kamata mutum ya fara da shi? In an kashe kwamfuta, kumbon yana faɗowa ne ko yana nan rataye? In mai ya ƙare a hanya, wa ake kira? Ana iya komawa gida da ƙafa? In wani ya harbe ka, akwai inda ake kai ƙara? Wasu tambayoyin nakan yi dariya, shi ma ya taya ni. Wasu kuma sai na tsaya na yi tunani, don ni kaina ban taɓa tambaya ba. Duk amsar da na ba shi sai ya rubuta ta a ƙarƙashin tambayar, ya ja layi.

Wata rana ya ce, "Malam, mutanen da kake magana da su ran Asabar fa? Ina jin ka ta bango kana ta ihu. Ni ma ina so in shiga."

A nan na fara kuskure, tun kafin ranar da zan ba da labarinta.

Ƙungiyarmu ta kai mutum ashirin, yawanci 'yan Najeriya, da wasu 'yan Ghana da Kenya. Muna haɗuwa a ɗakin hira na murya, kowa da abin kunne mai makirufo, da Turanci ake magana. Shugabanmu wani ɗan Legas ne mazaunin Turai, Kwamanda muke ce masa. Ya iya wasan ƙwarai, kuma bakinsa ya fi hannunsa sauri. In ka yi kuskure zai mai da kai abin dariya har a tashi. Ni kaina na sha a wurinsa. Sai da na yi shekara guda ina ɗaukar kaya kamar ɗan dako kafin ya yarda in shiga cikin masu gadi, wato masu kumbon yaƙi da ke raka ayari. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, ban san sunansa na gaskiya ba, amma ranar da ya ce min "aikinka ya yi kyau" sai da na gaya wa matata.

Akwai hanya biyu ta shiga ƙungiyar. Ko ɗan ƙungiya ya kawo ka ya ce nasa ne kai, ko ka nema da kanka ta shafin da aka buɗe wa kowa. Na zaunar da Baba na cike masa ta shafin kowa da kowa. Na ce masa haka ake yi. Bai san akwai wata hanyar ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya muna da babban aiki. Za mu kwashe kayan ƙungiya daga tsohuwar tasharmu zuwa sabuwa, ƙofa bakwai tsakani, biyu daga ciki wurin 'yan fashi ne. An ba sababbin shiga ƙananan kumbon kaya. Aikinsu kawai su bi ayari, in an ce tsallaka su tsallaka.

Bayan na yi sallar azahar na shiga falo na rufe ƙofa. Ina sa abin kunne na ji muryar Baba ta cika ɗakin hirar. Yana gaisuwa. Da Turancinsa na tsofaffin ma'aikata, mai nauyi, a tsanake, ya gai da kowa, ya tambayi iyali, ya ce shi sabo ne, a yi haƙuri da shi, Allah ya ba mu sa'ar tafiya. Ba a saba da haka ba a wurin. Wani ya ce, "Amin, Fasto," aka yi 'yar dariya.

Muka tashi. A ƙofar farko kumbon Baba ya wuce ta, ya ci gaba da tafiya shi kaɗai cikin duhu.

"Ku yi haƙuri," in ji shi. "Ina birki yake?"

Dariya ta ɓarke. Kwamanda ya ce babu birki a sararin samaniya, Kaka, danna kaza. Baba ya yi godiya, ya ce a ba shi minti ɗaya ya rubuta. Mutum goma sha tara muka tsaya muna jiran ya rubuta. Bai san ana kashe makirufo ba, saboda haka duk muna jin ƙarar takarda, muna jin Mama daga kicin tana tambayarsa ko a zubo masa gwate yanzu ko sai ya gama. Wani ɗan Ghana ya ce a zubo masa shi ma.

A ƙofa ta uku Kwamanda ya ce kowa ya juya ya fuskanci tauraron da ya sa wa alama. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, a taswiran nan ina ne arewa?" Tambayar mutumin da ya yi shekara talatin da wani abu yana aiki da taswira ce, kuma da a baranda ya yi min ita da na zauna na yi masa bayani. A can kuwa sai ta zama abin da aka yi ta maimaitawa ana shewa. Na riƙa addu'a a raina kada ya ambace ni.

Ƙofa ta biyar tana cikin na 'yan fashi. Nan ba a tsayawa. Ƙofofi biyu ne kusa da juna, Kwamanda ya ce ta dama, da sauri. Kowa ya tsallaka sai Baba. Ya rikice. Da ya rikice sai Turancin ya gudu, ya koma Hausa.

"Malam! Malam, kana ji na? Wanne zan danna? Biyu ne a nan."

Ina jin sa a kunnena, kuma ina jin muryarsa a hankali ta bango, don kujerarsa tana jingine da bangon falonmu. Amsar kalma uku ce. Ta hannun dama. Na buɗe baki ban faɗa ba.

"Malam?"

Kafin wani ya yi magana 'yan fashin suka iso. Cikin ƙiftawar ido suka tarwatsa kumbonsa da kayan da ke ciki. Kayan ba wasu masu yawa ba ne, aikin yini biyu ne a mayar da su. Amma Kwamanda ya fusata.

"Wa ya kawo mana wannan tsohon?" Sai ya kira sunan da nake amfani da shi a wasan. "Kai ɗan arewa ne. Yarenku yake yi. Da kai yake? Ka san shi?"

Na sha tuna wannan daƙiƙar. Ba tsoro ba ne, don ba abin da mutumin nan zai iya yi min. Ba zai kore ni daga aiki ba, bai san gidana ba. Kawai dai ban so a haɗa ni da dariyar da ake yi. Na ce da Turanci, da murya mai sauƙi kamar abin bai dame ni ba, "Ban san shi ba. Ba duk mai jin Hausa ne ɗan gidanmu ba."

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Amma da na ji an ɗan yi dariya, sai na ƙara. Na kwaikwayi muryarsa, na ja ta yadda yake ja, na ce, "Ina birki yake?" Aka kwashe da dariya sosai. Har da Kwamanda.

Ta bango na ji an ja kujera baya.

Akwai mace ɗaya a ƙungiyar mai jin Hausa, wata likita 'yar Zariya, ba ta cika magana ba. Ita ce ta katse dariyar. Ta ce da Hausa, "Baba, kada ka damu, kowa an taɓa fasa masa kumbo. Za ka ga ka farka a tasha. Zauna a nan, in mun isa zan dawo in ɗauke ka." Baba ya ce, "Na gode, 'yata." Daga nan bai sake magana ba har aka tashi. Ni ma ba ta ce min komai ba, ko a ranar ko bayanta.

Washegari Lahadi ina wanke mota suka dawo daga coci. Na so in shige ciki amma sun riga sun buɗe get. Baba ya ɗaga min hannu. "Malam, ina kwana? Yaya yara?" Kamar kullum. Na amsa ina kallon tayar mota. Da ya ɓata rai da na sami abin kamawa. Bai ɓata ba.

Na fara fita aiki tun kafin ya fito ba shukarsa ruwa. In na dawo na hango shi a baranda sai in zauna cikin mota ina danna waya kamar ina wani muhimmin abu, har ya shiga. Littafin tambayoyin bai sake fitowa baranda ba. Kwana goma muka yi a haka, muna gaisawa sama-sama.

Matata ce ta kawo ƙarshen abin. Sun je kasuwar Gudu da Mama sayen kayan miya, a hanya Mama ta ba ta labari. Ba ƙara ta kawo ba, hira ce ta kawo hira. Mama ta ce ranar tana tsaye a kansa da kwanon gwate, ta ga ya cire abin kunnen ya ajiye a cinya, ta tambaye shi, ya ce ba komai, sai da aka daɗe ya gaya mata.

Ina cin abinci matata ta zauna a gabana. Ba ta ɗaga murya ba.

"Da gaske ka ce ba ka san Baba ba?"

Na ce wasa ne, ba ta san yadda wurin yake ba, ana irin wannan.

"Ni ban san wurin ba," in ji ta. "Amma na san Baba. Kai ma ka san shi." Ta tashi ta ɗauke jug ɗin ruwa ta kai kicin, ta bar ni da abincin da na kasa ƙarasawa.

Bayan la'asar na zagaya. Na tarar da shi a falo, kwamfutar a buɗe a kan tebur, littafin a gefe. Mama ta gaishe ni ta shige ciki. Ban zauna a kujera ba, na durƙusa a gefen tebur kamar yadda zan yi a gaban mahaifina. Ya ce in tashi. Na ƙi. Na ce na zo ba da haƙuri ne, abin da na yi ban da hujja, kuma tun wurin shigar da shi ƙungiyar na fara ɓoye shi. Na gaya masa batun hanya biyun. Wannan bai sani ba. Na ga ya ɗan ɗaga gira.

Ya daɗe yana juya biro a hannunsa.

"Malam, sau biyu na ji ka ranar," in ji shi. "Na ji ta kunne, na ji ta bango. Da ta kunne kawai ne, da na ce wani ne mai irin muryanka."

Ya ci gaba da magana.

"Dariyan bai dame ni ba. Tsoho ya shiga wasan yara, dole a yi dariya. Ni ma da ni ne zan yi." Ya ajiye biron. "Abu ɗaya nake so in sani. Mutanen nan, ka taɓa ganin ko ɗaya a cikinsu?"

Na ce a'a.

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar ya sami lambar da ta ɓace masa a lissafin fili. Ya ce ya wuce, in tashi in zauna, ya kira Mama ta kawo min zoɓo. Na sha don kada in ƙi.

Asabar ta gaba, kafin a fara, na ce ina da magana. Na shirya ta tun a mota. Na ce dattijon da aka yi wa dariya makonni biyu da suka wuce maƙwabcina ne, ni na koya masa wasan, ni na kawo shi, kuma ƙarya na yi da na ce ban san shi ba. Na jira.

Kwamanda ya ce, "Wane dattijo?"

Wani ya tuna masa, mai birki. Kwamanda ya ce, "Oho, shi. Ba damuwa. Kowa ya duba mansa, za mu tashi." Shi ke nan. Ba wanda ya zarge ni, ba wanda ya yaba min. Sun manta. Abin da na sayar da Baba a kansa bai kai mako biyu a ransu ba. Wannan ya fi min ciwo a kan duk wani zagi da na zata zan sha.

Baba bai koma ƙungiyarmu ba, amma bai bar wasan ba. Likitar nan tana da wani ƙaramin rukuni na sababbin shiga da take koya wa ranar Lahadi da yamma, ta ja shi can. Ina jin su ta bango. Ina jin yana tambaya, ina jin shirun da yake yi in yana rubutu, wani lokaci in ji ya yi dariya. Daga baya na ji har shi ake tambaya hanya, don ya zana taswirar yankinsu a babbar takarda ya manna a bango, da ƙofofin da ke da haɗari da jan biro. Sau ɗaya na ce masa in yana da tambaya ina nan. Ya ce, "To, Malam, na gode." Bai kawo ba. Gaisuwa ba ta canza ba, abincin salla da na Kirsimeti bai daina ƙetare tsakar gida ba, 'ya'yana ba su daina shiga wurin Mama ba. Wannan ɗaya ne kawai ya ɗauke, kuma ban ga laifinsa ba.

Ni kuma wasan ya fita a raina a hankali. Ban yi wata sanarwa ba. Na riƙa tsallake Asabar ɗaya, biyu, har aka ba wani gurbina a cikin masu gadi.

Bayan kamar shekara guda suka gama gininsu a bayan Bwari suka tashi. Na ɗauki hutun kwana ɗaya na taya su kwashe kaya, na yi sawu biyu da motata. Wurin fili ne sosai, duwatsu a bayansa, gonakin mutanen ƙauye a gaba. Sabis ɗin waya sai an fito tsakar gida ake samu, shi ma yana zuwa yana tafiya. Mama ta ce wasan dai ya ƙare ke nan, ta huta. Baba ya ce za a gani.

Mun kai musu ziyara da damina, ni da matata da yaran. Ya zagaya da mu gonarsa, masara ta fi tsayina, ya nuna wa yaran yadda ake gane wadda ta nuna. Mama ta gasa mana wasu, ta cika mana buhu da wasu. Ban tambaye shi ko yana wasan ba, shi ma bai ɗauko zancen ba. Da za mu tafi ya rako mu har bakin hanya, ya leƙo ta tagar mota ya ce in bi a hankali bayan gada, ruwa ya cinye gefen titin. Na ce to, Baba. Ya daki saman motar sau biyu da tafin hannu, muka kama hanya.